Mai Naɗe Ƙwallon Kurket na Mahjar

Tun da aka fara ganina da sabon keke, yaran unguwarmu ta Mahjar a Jidda suka hana ni sakat. Kullum bayan la'asar sai in tarar da su a ƙofar gidanmu, kowa da tsohon ƙwallon tanis a hannu, wai in koya musu sana'a yanzu-yanzu kafin magariba. Wani har cewa ya yi, "Ya Yasir, ai naɗa salatif ne kawai, ko ƙanwata za ta iya." Na ce ya je ya turo ƙanwar, wataƙila ta fi shi hankali. Shekarata goma sha bakwai, amma a wannan sana'a ni dattijo ne, gemu ne kawai labari bai kai masa ba. Saboda haka ku zauna, ku ajiye wayoyin nan, ku ji abin da yatsun nan suka gani.

Ga wanda bai san kurket ba, ga yadda yake. Ana kafa turaku uku a ƙasa. Mutum ɗaya ya taho da gudu ya jefa ƙwallo yana neman ya kayar da su, wani kuma ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana kare su, in ya samu dama ya make ƙwallon ya bar unguwa. Sauran 'yan wasa suna tsaye a rana suna jira, kamar waɗanda aka yi wa alkawarin aiki. Ƙungiya ɗaya ta yi jifa ɗaya ta yi bugu, sannan su yi musanya. A Jidda, ranar Juma'a da an idar da asuba, duk filin da ba a kai ga gina shi ba sai ya cika da mutanen Pakistan da Indiya da Bangaladash da Sirilanka da Afganistan da Nepal: direbobi, masu dafa abinci, masu gyaran wuta. Ƙwallon kurket na asali fata ce mai taurin dutse, yana fasa gilashin mota, yana karya yatsa, kuma babu mai son ya je ranar Asabar yana yi wa kafilinsa, uban gidan da ya ɗauko shi aiki, bayanin karyayyen yatsa. Shi ya sa suke wasa da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif ɗin masu gyaran wuta, wanda a nan muke ce wa shatartun. Wannan naɗin shi ne sana'ata, kuma daga gare shi na samu sunan da kuke ihu da shi a bayana, Abu Shatartun.

Ƙwallon farko da na naɗe, daga sama ya faɗo cikin ƙullun wainar Ummi, mahaifiyata. Gidanmu yana manne da fili, ita kuma tana suyar waina a tsakar gida don sayarwa. Ƙullu ya fallatsu har kan igiyar shanya. Ummi ta tsamo ƙwallon da ludayi ta ce in kai shi teku in jefa, in kuma tafi da mai shi. Lokacin ina shekara goma sha biyu. Na wanke shi, salatif ɗin ya kwance, sai na ɗauko baƙin salatif na Abbu, mahaifina, na sake naɗe shi yadda Allah ya nufa, na fita ina taƙama. Wani dattijo mai gemu ja da lalle ya karɓa, ya juya shi a hannu ya ce, "Ya walad, wannan ƙwallo ne ko dankali?" Ya jefa shi gaba. Wallahi ƙwallon nan ya yi hagu, ya yi shawara, ya dawo ya bugi ƙofar motar dattijon. Mutane suka faɗi ƙasa don dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce wanda ya iya ɓata ƙwallo haka da zuciya ɗaya, in aka koya masa zai iya gyarawa. Wannan shi ne Ammu Rafiƙ, mai gyaran wuta daga Pakistan, wanda rabin ƙwallayen kudancin Jidda daga hannunsa suke fitowa.

Shagonsa yana Aziziyya, ɗan ƙarami, in ka yi atishawa sai ka nemi afuwar bango. Larabcinsa a kakkarye yake, Urduna kuma bai ma tsiro ba, don haka yawancin karatun da gira aka yi shi. Watannin farko bai bar ni na naɗa komai ba. Kwancewa kawai nake yi: in ɓare tsohon salatif a hankali ba tare da na tsige gashin ƙwallon ba, in duba yadda mai naɗin ya bi, in gaya masa inda ya yi ha'inci. Bayan nan aka shiga zaɓe. Ba kowane ƙwallo ne ya cancanci riga ba. Za ka matsa shi kusa da kunne ka ji ko yana shaƙar iska, ka sake shi daga kafaɗa a kan tayil ka saurari ƙararsa. Mai lafiya yana cewa "tok". Wanda ya ce "tuf" ka ba mage.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ne ma abin da ke yaudarar ku: salatif, almakashi, busasshen tsumma, cokalin shayi. Wahalar tana cikin ja. In ka ja salatif da ƙarfi, ƙwallo ya shaƙe ya yi tauri, kuma da rana ta taɓa shi salatif ɗin zai ja da baya ya bar tsirara. In ka sassauta, ya yi tamoji kamar goshin shugaban makarantarmu. Kowane zagaye sai ya rufe rabin wanda ya gabace shi, kana juya ƙwallon kaɗan-kaɗan da babban yatsa, har riga ta rufe ko'ina da kauri ɗaya. Ƙarshen ba a jansa, kuma ba a yankansa da haƙori, ko da almakashin yana Makka. Sai ka bi ko'ina da bayan cokali ka danne. Hannu kuwa dole ya bushe ƙayau. Gumi ko maiƙo kaɗan ya taɓa gam ɗin, aikin ya mutu, sai dai bai sani ba tukuna. In an gama, a gangara shi a kan tayil. In ya tafi miƙe, ya ci jarrabawa. In ya yi rangaji, Ammu ba ya duka, ba ya zagi. Ɗaga ƙwallon yake yi ya nuna wa magen shagon, su biyu su dube ni. Na gwammace duka.

Akwai abu ɗaya da ya nuna mini sau ɗaya tak. Ya ƙara ɗan guntun salatif a gefe guda, ya rufe shi da wani zagayen har ido ba ya gani, muka fita bayan shago ya jefa. Ƙwallon ya taho miƙe, yana isowa gabana ya karkace kamar ya tuna ya bar wuta a kunne a gida. Ammu ya ce, "Mai jifan da ya san inda nauyin yake, shi ne sarki. Mai bugu kuma ya zama makaho. Na nuna maka don ka gane shi in ka gani. In ka taɓa yin sa, kada ka ce ka san ni." Ya kwance shi nan take.

Masu saye kuwa, kowa da irin haukarsa. Akwai wani direban babbar mota da ba ya karɓar farin salatif sai ja, wai fari yana kawo masa ciwon baya. Akwai mai dafa abinci a wani otal da sai ya shinshina kowane ƙwallo kafin ya sa a jaka, har yau ban san me yake nema ba. Wani kuma duk ranar da aka ci su sai ya kira ni ya ce ƙwallon ya yi nauyi, ranar da suka ci kuma ya ce hannunsa ne mai albarka. Ku koyi wannan tun yanzu: nasara ta ɗan wasa ce, faɗuwa ta mai naɗi.

Da aikin Ammu ya ƙare a kamfaninsu, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, ya tattara zai koma gida. Ya ba ni almakashinsa da cokalin, ya kama hannuna ya kai ni gaban Ustaz Jamil, wani ma'aikacin kantin magani da ke shugabantar kwamitin wasannin Juma'a. Ya ce masa, "Wannan Takarin nawa ne. Hannunsa hannuna ne." Takari suke kiran irinmu 'yan Afirka ta Yamma mazauna Saudiyya. A shekarar ne kuma kwamitin ya shirya babbar gasa ta ƙasashe, kowace ƙasa ta fito da ƙungiyarta daga cikin ma'aikatanta na Jidda, da riguna da tutoci da kofi mai tsayin ƙanena. Ana ɗaukar wasannin da waya, mutane suna kallo daga garuruwansu. Duk ƙwallon da aka jefa a gasar nan, daga tsakar gidanmu ya fito. Na fara tafiya a unguwa kamar wanda ya gina filin jirgi.

Ana gab da wasan kusa da na ƙarshe, wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. Mota ce irin wadda in ta shigo Mahjar har kuliyoyi suke gyara zama. Wani mutum mai tabarau ya sauke gilashi.

"Habibi, kai ne Abu Shatartun?"

Na ce ni ne, kuma ba ni da reshe.

Ya ce ƙwallaye kaɗan yake so, masu ɗan nauyi a gefe guda, in ɗiga musu alama da biro yadda mai jifa zai gane, in cusa su cikin na ranar Juma'a. Ya ɗago wata sabuwar waya a kwalinta ya ɗora a kan gilashin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na kalli wayar nan, ita ma ta kalle ni. Ina cikin haɗa kalmomin da zan kore shi da su cikin mutunci, sai labulen ƙofa ya yaye, Ummi ta fito da ludayi a hannu.

"Wane ne wannan?"

"Ya Hajiya, harka ce tsakanina da yaron."

"Yaron nawa ne, harkar ma tawa ce. Na ji komai, labule ba bango ba ne. Yalla, ja motarka, ka tare mini iska."

Ya ja. Na so a ce ni na kore shi, amma ludayin ya riga ni. Abin da ban lura da shi ba shi ne, 'yan wasa biyu suna tsallaken titi suna sayen burodi, sun ga motar, sun gan ni jingine da ita.

Da bai samu ƙwallo ba, ashe sai ya sayi mutane. Ranar wasan, ƙungiyar da kowa ya san ta fi ƙarfi ta zube kamar an zare mata ƙashi. Ba zan faɗi ƙasar ba, duk abokan cinikina ne. Mai bugunsu na farko ya kai wa iska duka tun ƙwallo bai bar hannun mai jifa ba. Wani aka ɗaga masa ƙwallon da jariri zai cafe yana shan nono, ya buɗe hannu ya bar shi ya wuce. Bayan 'yan kwanaki wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyi, aka ji ana ciniki a kan wanda zai faɗi da lokacin da zai faɗi, domin 'yan caca suna zuba kuɗi a kan wasan ta waya. Gari ya ɗauka. Waɗanda aka ji muryarsu suka rantse ba su ba ne, suka ce ƙwallon ne yake karkacewa, a tambayi Takarin nan me motar mai tabarau take yi a ƙofar gidansu. Kwamiti ya kori ƙungiyoyi biyun da suka buga wasan, ya dakatar da gasar, ya kuma ce daga yau kada a sake karɓar ƙwallo daga hannuna. Na je kantin magani na yi wa Ustaz Jamil bayani. Ya ce, "Ya ibni, wataƙila gaskiya kake faɗa. Amma mutane sun ga mota, ba su ga ludayi ba."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Waya ta yi shiru kamar an yi mata rasuwa. Kwalin salatif yana ajiye a ƙarƙashin gado yana hararata. Na kira Ammu, ya ce abu ɗaya: kada hannu ya manta. To, hannu bai manta ba. Na naɗe mariƙin ƙofa, na naɗe ludayin Ummi, na naɗe silifas ɗin ƙanena har ya kasa gane na dama. Abbu ya ce in ya farka ya tarar an naɗe shi, zan koma kwana a kan rufi. Ranar Juma'a kuma na koma ɗaukar wa Ummi kular zoɓo da tiren waina zuwa bakin filin, ina miƙa wa mutanen da a da suke kirana habibi, yanzu suna karɓar zoɓo suna kallon takalmansu. A filin kuwa kowa ya koma naɗa nasa, kuma babu wasan da ake gamawa ba a yi cacar baki a kan ƙwallo ba.

Sai da zafi ya wuce aka ce za a ƙarasa gasar. Ƙungiyoyi biyun da suka rage su za su buga wasan ƙarshe, masu shuɗin riga da masu kore. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗora kofi a kan tebur mai gilashi, jama'a sun cika fili har kan motoci. Ni ina gefe da kula. Kyaftin ɗin shuɗi, wani dogon direba da in yana magana da kai sai ka ɗaga kai kamar mai duban wata, ya zo da buhun ƙwallayensa. Kyaftin ɗin kore, gajere mai tumbi, shi ma ya zo da nasa. Dogo ya ce ba zai tsaya a gaban ƙwallon da kore suka naɗe ba. Mai tumbi ya ce shi ma ko a mafarki. Aka ce alƙalin wasa ya kawo nasa, suka ce wa ya san da wa alƙalin ya sha shayi jiya. Rana tana hawa, kuma dole a gama kafin sallar Juma'a. Ustaz Jamil ya ɗauki lasifika ya ce in ba su daidaita ba, halas, zai mai da kofin kanti, kuma shi da gasa har abada.

In gasar ta mutu a ranar, sana'ata ta bi ta, kuma sunan da zan mutu da shi a Mahjar shi ne yaron da ya sayar da wasa. Na dubi Ummi. Ta ce, "Je ka mana. Me za su yi maka, su hana ka abin da suka riga suka hana ka?"

Na ratsa tsakiyar fili da almakashi da cokali a aljihu, don ko masallaci ba na zuwa ba su. Wani ya yi ihu, "Ga na mai tabarau nan!" Aka yi dariya. Na ce wa Ustaz Jamil ya ara mini lasifika. Ina jin gajiya ce ta sa ya ba ni.

Na ce, "Ban zo neman ku yarda da ni ba. Kada ma ku yarda. Ku zuba ƙwallayenku duka a kwali ɗaya, in kwance su a gabanku, in sake naɗe su a gabanku."

Dogo ya ce, "In ka sa wa wani nauyi muna kallo ba mu gani ba fa? Hannunka ya fi idonmu sauri."

Na ce ya yi gaskiya, kuma na gode da yabo. Sannan na gaya musu yadda ake rabon naman layya a gidanmu. Mu yara muna zargin Ummi tana fifita auta, don haka in ta kasa nama kashi-kashi, sai a sa ɗayanmu ya juya ya fuskanci bango. Ta nuna kashi ta ce, "Wannan na wa?" Wanda bai ga komai ba ya ambaci suna. Mai rabo ba ta san wa zai samu wanne ba, dole ta daidaita. Na ce haka za mu yi: in kasa ƙwallayen gida biyu, na jifan shuɗi da na jifan kore, wani ya juya baya ya raba. In na sa mugunta a ciki, ban san kan wa za ta faɗa ba.

Mai tumbi ya shafa tumbinsa ya ce, "Mu ma a ƙauyenmu haka ake rabon kifi." Dogo ya ce, "To wa zai juya bayan? Duk wanda ke filin nan yana da ɓangare."

A ƙarshen fili akwai tankar ruwa a ajiye, direbanta wani Basudane yana barci a inuwarta da rawani a fuska. Aka taso shi. Ustaz Jamil ya ce, "Ya zol, ka san kurket?" Ya ce, "Wane ne shi?" Duka ƙungiyoyin suka ce wannan ya yi.

Aka juye buhunan biyu a kwali, aka girgiza har babu mai iya gane nasa. Na zauna a ƙasa a gaban rumfa na fara kwancewa. Ban yi nisa ba na ɓare wani na tarar da guntun salatif a ninke a gefe guda. Na ɗaga shi sama na ce, "Jama'a, na wa ne wannan? A zo a karɓa." Babu mai shi. Can kuma na sake samun wani, da salatif mai wani launi daban. Na ɗaga. Dogo ya duƙufa kallon wani jirgi da ke wucewa, mai tumbi kuma ya gano igiyar takalminsa tana bukatar gyara. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Wata nawa yaron nan bai taɓa ƙwallonku ba?" Ni dai na yi tari mai ƙarfi a lasifika.

Daga nan aiki ya fara, kuma a nan ne na raina kaina. A gida ina naɗi ne a ɗaki, ƙarƙashin fanka. A nan rana ta riga ta dafa salatif ɗin da kwamiti ya kawo, ya yi laushi kamar alewa, in ka ja kaɗan sai ya biyo ka har gida. Iskar teku ta kawo danshi, tafin hannuna ya zama famfo. Mutane sun yi mini zobe, wayoyi sun fi kawuna yawa. Ƙwallon farko ya fito da tamoji a gefe. Na gangara shi a kan gilashin teburin kofi, ya yi rangaji a gaban duniya. Na ji ƙus-ƙus ya tashi. Wani ya ce, "Kun gani ko?"

Na ɗaga shi na ce, "Wannan bai yi ba," na kwance shi tas. Na ƙwala wa Ummi kira da Hausa na ce ta kawo kular.

"Kular zoɓon? Me za ka yi da ita?"

"Salatif zan sa a ciki ya sha sanyi."

"A cikin zoɓona? Yasir, in mutane suka ce yana warin roba, kai za ka shanye shi duka."

Ta kawo dai. Na cusa salatif ɗin a leda na binne shi cikin ƙanƙara. Na damƙi ƙanƙara a hannu har yatsuna suka daina gumi, na goge su ƙayau da tsumma. Ummi ta tsaya a kaina tana yi mini fifita da murfin kwali, tana korar masu matsowa: "Ya haji, ja baya, ba haihuwa ake yi ba." Salatif ya fito da ƙarfinsa, yana ja yana tsayawa inda na ce ya tsaya. Zagaye ya hau rabin zagaye, yatsa yana juyawa, almakashi ya yanke, cokali ya bi. Na gangara shi a kan gilashi. Ya tafi miƙe kamar an ja masa layi, ya je ya taɓa gindin kofin ya tsaya. Daga nan hannu ya karɓi aikin, ni kallo kawai nake yi. Kowanne na gama sai in miƙa wa kyaftin biyun su gangara da kansu. Can na ji jama'a sun fara yin "hoo" duk lokacin da ƙwallo ya isa gindin kofi, kamar an ci maki. Ban taɓa jin an yi wa salatif tafi ba sai ranar.

Na kasa su gida biyu a kan tabarma. Basudanen ya juya ya fuskanci tankarsa. Na nuna kashin dama na ce, "Wannan na wa?"

Ya ce, "Na mai tumbin."

Fili ya fashe da dariya, har shi mai tumbin. Aka shiga wasa.

Ba zan ba ku labarin wasan duka ba, ni ba mai sharhi ba ne, kuma rabinsa ƙwallo kawai nake kallo ba mutane ba. Babu wanda ya kwance, babu wanda ya karkace. Kore suka fara bugu suka tara maki mai yawa, shuɗi suka biyo su a guje, har aka zo jifan ƙarshe shuɗi suna neman kaɗan su wuce. Dogo ne da kansa a gaban turaku. Mai jifan kore ya taho kamar an biyo shi da kare, ya saki ƙwallo, Dogo ya kai duka da ƙarfin da zai iya tura ƙwallon Makka, ya kuskure. Turken tsakiya ya tashi sama ya yi juyi ya faɗi. Kore suka haukace, suka yi yunƙurin ɗaga kyaftin ɗinsu sama, suka fasa.

Dogo bai bi kowa ba. Ya je ya tsinci ƙwallon, ya nufo ni. Na duba inda Ummi take, na auna ko zan kai bayanta kafin ya iso. Ya tsaya a kaina har ya tare rana. Ya juya ƙwallon a hannu, ya sa farce yana neman bakin salatif bai samu ba. Ya matsa shi a kunne. Ya taka zuwa teburin, ya gangara shi a kan gilashi, kowa yana kallo. Ƙwallon da aka yi ta duka tun hantsi ya tafi miƙe har ƙarshen tebur ya faɗa hannunsa.

Ya karɓi lasifika daga hannun Ustaz Jamil ya ce, "Ƙwallo lafiyarsa ƙalau. Ni ne na kuskure." Ya sa shi a aljihu, ya juyo gare ni. "Abu Shatartun, Juma'a mai zuwa muna da wasa. Kai za ka naɗa, a nan, a gaban kowa."

Ustaz Jamil ya ƙwace lasifikarsa ya ce ba shuɗi kaɗai ba, daga yau duk wasan kwamiti haka za a riƙa yi, naɗi a fili, rabo da juya baya. Kafin ya rufe baki kyaftin-kyaftin sun yi layi a gabana, har da mai shinshina ƙwallo, kowa yana cewa shi dama bai taɓa yarda da maganar motar nan ba.

Dogo ya sunkuyo ya ce, "Ka zo da Hajiya da kularta."

Na fassara wa Ummi, ko da yake ta ji sarai. Ta ce, "Gaya masa ni ba ma'aikaciyar kwamiti ba ce." Ta rufe kular, ta ɗora mini a ka, ta gyara mayafi. Mun yi 'yan taku sai ta tsaya.

"Koma ka tambaye shi ƙarfe nawa."